Inda Ji Ya Kori Gani: Abin da Ke Hana Haske Kai Saƙo a Ƙarƙashin Ruwa

Yammacin Kano ba shi da babban kogi irin Kwara ko Binuwai, amma yana da ruwa kwance mai yawa. Madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada suna yankin Gwarzo da Kabo, babbar madatsar Chalawa tana Ƙaraye, ta Watari kuma tana Bagwai, can arewa. Dukansu 'ya'yan shirin gina madatsun ruwa ne da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, shirin kuma ya ci gaba bayan saukarsa. Mutumin Getso da ke noman rani, ko yake sarin kifi, ko yake kora shanu mashaya, rayuwarsa tana jingine da wannan ruwa.

Sai dai abin da ake gani na madatsa samanta ne kawai. Abin da ke ƙasa, wato gindin bango da bakin bututun fitar da ruwa da tulin lakar da take taruwa shekara da shekaru, ba wanda yake ganinsa. Ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da wani abu ya faru.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a ruwan Watari. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su taron Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. A irin wannan rana, wanda ake dogara da shi shi ne mai nitso. Yakan ja numfashi, ya kifa kai, ruwa ya rufe shi. Daga wannan lokaci ba ya ganin komai, ba ya jin kiran na tudu, su ma ba su san inda yake ba. Da hannu yake lalube. Mutanen da ke bakin ruwa kowa yana riƙe da wayar da za ta iya kiran Makka ko Landan, amma babu wayar da za ta isar da kalma ɗaya ga mutumin da ke taku goma a ƙarƙashinsu.

Wannan giɓi ya daɗe yana damun injiniyoyi a duniya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke fatan cike shi ita ce aika saƙo da haske, ba tare da waya ba, ta cikin ruwan kansa. An samu ci gaba mai ban mamaki a fannin. Amma kafin a ɗauki alƙaluman da ake wallafawa a dasa su a ruwan Guzuguzu, ya kamata a san abin da ruwa yake yi wa saƙo, domin shi ne mai yanke hukunci.

Manzanni uku

Hanyoyi uku ake da su na aika saƙo ba tare da waya ba: rediyo, sauti da haske. Kowanne ruwa yana da irin tarbar da yake yi masa.

Rediyo shi ne sarkin tudu. Da shi wayar salula da Wi-Fi da tauraron ɗan'adam suke aiki. Amma ruwa, musamman na teku mai gishiri, yana ɗaukar lantarki, don haka yakan shanye ƙarfin rediyo nan take. Siginar Wi-Fi ba ta wuce 'yan santimitoci a cikin teku. Manyan ƙasashe masu jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku sun daɗe suna kokawa da wannan. Mafitarsu ita ce amfani da rediyo mai dogon zango ƙwarai. Amurka ta taɓa shimfiɗa wayoyi na tsawon kilomitoci a jihohin Wisconsin da Michigan domin watsa siginar da ke kaɗawa sau 76 kacal a daƙiƙa, kafin ta rufe tashoshin a 2004. Siginar tana kaiwa zurfi, amma sai an shafe mintuna kafin a isar da haruffa uku. Ba a hira da irin wannan, sai dai a ce wa jirgi ya ɗago sama ya karɓi cikakken saƙo.

Sauti kuwa ruwa gidansa ne. A iska yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, a ruwa kuma kusan mita 1,500. Tun a 1826 Daniel Colladon da Charles Sturm suka auna wannan a tafkin Geneva, ta hanyar buga ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa daga wani kwale-kwale, ana saurare daga wani. Har yau kusan duk sadarwar da ake yi a ƙarƙashin teku da sauti ake yinta, kuma tana kaiwa kilomitoci. Aibinta shi ne ƙarancin kayan da take ɗauka. Na'urar sauti mai kyau takan aika 'yan dubban bit a daƙiƙa. A saurin bit dubu 10, hoto ɗaya na wayar hannu mai nauyin megabait 3 zai ci minti 40 kafin ya isa. Bidiyo kai-tsaye kuwa ba a ma maganarsa. Ga kuma amsa-kuwwa: a ruwa marar zurfi, sauti yana bugun ƙasa da sama ya dawo, saƙo ya riƙa hawa kan saƙo, kamar lasifika biyu a zaure ɗaya.

Haske shi ne manzo na uku, kuma shi ne mai ɗaukar kaya. Yana tafiyar kimanin kilomita dubu 225 a daƙiƙa a cikin ruwa, ana kuma iya kunna shi a kashe sau miliyoyi ko biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Kowane kunnawa da kashewa harafi ne na harshen kwamfuta. Hoton nan da sauti zai kai a minti 40, haske mai saurin megabit 10 zai kai shi cikin daƙiƙa uku.

Haske ya riga ya mamaye ƙarƙashin teku ta wata hanya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na MainOne da WACS da ACE da SAT-3 suka lalace a tekun da ke gaban ƙasar Kwaddibuwa, harkar bankuna da ofisoshi ta tsaya cak a wurare da dama a Nijeriya. Abin da ke gudana a cikin waɗannan wayoyi haske ne. Amma haske ne da aka killace a cikin zaren gilashi mai tsabtar da ta wuce misali, ruwa bai taɓa shi ba. Tambayar ita ce abin da zai faru in aka cire gilashin aka bar haske da ruwa ido da ido.

Taga mai launin shuɗi

Ruwa, ko da mai tsabta ne, yana shan haske, amma ba ya shan launuka daidai wa daida. Ja yake fara cinyewa. Ruwa tsantsa yana shanye jan haske fiye da sau hamsin a kan yadda yake shanye shuɗi. Shi ya sa tsakiyar teku take da launin shuɗi. A 1963 masanin nan na Amurka Seibert Duntley ya wallafa nazarin da ya zama ginshiƙi a fannin, inda ya nuna cewa shuɗi da kore, masu tsawon zango tsakanin nanomita 450 da 550, su ne suka fi nisan tafiya a ruwan teku. Wannan ita ce tagar da injiniyoyi suke leƙawa ta ciki.

An daɗe ana sanin tagar ba tare da an samu fitilar da za ta dace da ita ba. Sai a farkon shekarun 1990 masana uku na Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da ƙwan LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farar tocilan da ake sayarwa a kasuwar Gwarzo jikar wannan bincike ce, domin shuɗin ƙwai ne a cikinta aka lulluɓe da wani sinadari mai mayar da hasken fari. Daga nan aka samu ƙananan fitilun leza masu shuɗi da kore, masu araha, sai bincike ya kankama.

A 2008 Frank Hanson da Stojan Radic suka aika gigabit ɗaya a daƙiƙa ta cikin bututun ruwa mai tsawon mita 2. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke Thuwal, arewa da Jidda a bakin Bahar Maliya, masu bincike sun kai gigabit 1.5 a nisan mita 20 a 2016. A kasuwa kuma, kamfanin Sonardyne na Ingila yana sayar da na'urar BlueComm, wadda ta samo asali daga aikin Cibiyar Nazarin Teku ta Woods Hole a Amurka, tana iya kai megabit 10 zuwa nisan da ya kai mita 150.

Alƙaluman gaskiya ne. Abin da mai karatu zai lura da shi shi ne irin ruwan da aka same su a ciki. Na gigabit a cikin kwatami aka yi su, a ɗakin gwaji. Na mita 150 kuma a zurfin teku ne, inda ruwa yake tas kuma duhu ya rufe ko'ina.

Hazo a cikin ruwa

Mazaunin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan babban makiyin haske. Ya san shi a watan Disamba da Janairu, lokacin da ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take rufe gari, jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Direban da ya kunna babbar fitila a cikin hazo ya san abin da ke biyo baya: hasken ba ya ƙara nisa, sai dai ya dawo masa a ido kamar farin bango. Ƙura ba ta cinye hasken duka ba, karkatar da shi ta yi ta kowace fuska.

Abin da ƙura take yi a iska, shi laka take yi a ruwa, har ma fiye. Ƙwayar yumɓu ƙanƙanuwa ce, ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, wato girmanta ya yi kusa da tsawon zangon haske, kuma irin wannan girma shi ya fi tarwatsa shi. Ga ta da taurin kai. Ƙwayoyin suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, suna ture juna, don haka sukan yi kwanaki suna yawo ba su kwanta ba. Dalilin da ya sa matatun ruwa na Tamburawa da Chalawa suke zuba alam ke nan, dalilin kuma da ya sa dakakken irin zogale yake tace ruwan randa: suna kashe cajin, ƙwayoyin su dunƙule su nutse. Randa tana tatuwa. Madatsa mai ruwa miliyoyin tan ba ta tatuwa.

A 1972 wani mai bincike mai suna Petzold, a cibiyar Scripps ta Kalifoniya, ya auna yadda haske yake raguwa a ruwa iri uku, kuma har yau da ma'auninsa ake lissafi. A tsabtataccen ruwan tekun Bahamas, bayan mita 10 kimanin kashi 22 cikin ɗari na hasken yana nan a kan hanyarsa. A ruwan gaɓar teku, abin da ya rage bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. A tashar jiragen ruwa ta San Diego kuwa, mita ɗaya kacal ta isa ta bar kashi 11 cikin ɗari, a mita 5 kuma saura kamar kashi 2 cikin dubu ɗari.

Darasin da ke cikin lissafin shi ne cewa raguwar ba ta tafiya da ɗai-ɗai. Kowace mita tana cin kaso ɗaya na abin da mitar baya ta bari. A ruwa irin na San Diego, wanda ya ninka ƙarfin fitilarsa sau goma ya sayi ƙarin mita ɗaya ne kawai. In ya ninka sau ɗari, ya sayi mita biyu. Kuɗi da batir ba sa cin wannan yaƙi. Ruwan madatsa a watan Agusta, wanda tafin hannu yake ɓacewa a cikinsa kafin gwiwar hannu ta jiƙe, ya fi na San Diego duhu nesa ba kusa ba.

Tarwatsewa tana da ɓarna ta biyu. Hasken da ya miƙe yana riga wanda ya yi ta karo da laka isowa. Walƙiya ɗaya da aka aika sai ta iso a miƙe kamar jela, jelar harafin farko ta shiga cikin na biyu, na'urar karɓa ta kasa rarrabe su. Dole a rage sauri, saurin kuma shi ne dalilin zaɓen haske tun farko.

Tagar shuɗin nan ma ba ta nan a ruwan tudu. Ruɓaɓɓen ganye da ya narke a ruwa yana shan shuɗi. Gansakuka tana shan shuɗi. Jar ƙasa tana da ja ne domin sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana shan shuɗi ya bar ja. A irin wannan ruwa tagar takan matsa zuwa kore, ko rawaya, har ja. Na'urar da aka ƙera domin Bahar Maliya, in aka tsoma ta a Magaga da damina, tana magana ne da launin da ruwan ya fi saurin haɗiyewa. Launin da ya dace kuma yana sauyawa daga Agusta zuwa Maris, lokacin da laka ta lafa, gansakuka ta ƙaru.

Sauran ƙayoyin hanya

Ko da ruwa ya yi kyau, akwai matsalar saiti. Leza tsinke ne na haske, dole mai aikawa da mai karɓa su fuskanci juna daidai. A tudu ana ɗaure su a kan ƙarfe. A ruwa komai yana lilo, mai nitso da na'ura da igiyar da ta riƙe ta. In aka buɗe hasken ya yi faɗi domin a sauƙaƙa saiti, ƙarfinsa ya rabu, nisa ya ragu. In aka buɗe idon na'urar karɓa domin ya kama hasken da ya warwatse, sai ya kama na rana ma, rana kuwa ta fi kowace fitila. Shi ya sa na'urori masu nisa suka fi aiki a zurfin da rana ba ta kaiwa.

Akwai kuma rawar da ruwa yake sa haske. Wanda ya taɓa hangen kwalta da tsakar rana a watan Afrilu ya ga yadda iska mai zafi take sa komai ya riƙa kaɗawa. Ibnul Haisam ya yi bayanin karyewar haske tsakanin iska da ruwa da gilashi a littafinsa Kitabul Manazir a Alƙahira, kimanin shekara dubu da suka wuce. Ruwa mai ɗumi da mai sanyi ba sa karya haske daidai, kuma a madatsa saman ruwa yakan ɗumama ƙasa tana da sanyi. Inda suka gauraya, haske yakan yi ta kaucewa. Kumfar iska daga numfashin mai nitso ko farfelar inji ita ma tana yanke saƙo.

Sai tsufan kaya. Duk gilashin da aka bari a ruwan ɗumi, cikin 'yan makonni gansakuka za ta rufe shi. Kowane zurfin mita 10 yana ƙara nauyin da ya kai na iskar duniya gaba ɗaya a kan murfin na'ura, ɗigon ruwa ɗaya kuma ya isa ya kashe ta. Batir ba ya samun rana a ƙasa. Duk gyara sai an sa mutum ya nutsa.

Shaidar yauni

Kifayen kogunan Afirka sun riga injiniyoyi fuskantar wannan tambaya. Tarwaɗa tana neman abinci da gashin bakinta, ta hanyar taɓawa da ɗanɗano, idanunta ƙanana ne. Yauni, dogon kifin nan na kogin Kwara da tafkin Chadi, ya bi wata hanya dabam. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Cambridge ya gano cewa yauni yana fitar da lantarki mai rauni ba ƙaƙƙautawa, daga baya shi da Ken Machin suka nuna cewa da shi yake gane abin da ke kewaye da shi. Duk abin da ya shigo kusa yakan sauya yanayin lantarkin, fatar kifin ta ji. Ba irin na minjirya ba ne mai girgiza mutum. Wannan na sanin hanya ne, danginsa kuma da irinsa suke gane juna.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. A cikin ruwan laka, ji ne ya kori gani, kuma halittun da suka daɗe a ciki sun shaida hakan. Mutane ma haka. A 2018, lokacin da aka ceto yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, ƙwararrun masu nitso na duniya da kayan aikinsu na zamani igiya suka riƙa bi da hannu a cikin ruwan taɓo. Har gobe masu nitso na sana'a suna koyon magana da jan igiya: ja ɗaya da ma'anarsa, ja huɗu da tasa.

Yauni yana nuna wata dama kuma. Ruwan daɗi ba ya ɗaukar lantarki kamar na gishiri, bambancin ya kai ninki ɗaruruwa. Saboda haka rediyo mai dogon zango da siginar maganaɗisu, waɗanda teku take kashewa da wuri, suna iya tafiyar mitoci a madatsa, kuma laka ba ta dame su ba. Abin da ya zama rauni a teku yana iya zama ƙarfi a Pada.

Abin da madatsa take buƙata

Dole a faɗi gaskiya a kan haɗarin jirgin ruwa. Wanda ya nutse mintuna kaɗan gare shi, babu na'urar sadarwa da za ta iso daga birni a cikinsu. Rigar kariya da hana lodin da ya wuce kima su ne masu ceton rai. Amfanin kayan ƙarƙashin ruwa a irin wannan rana shi ne kare mai nitso, da gaggauta gano mamaci domin iyalinsa su yi masa sutura, maimakon kwana da kwanaki a bakin ruwa.

Babban aikin yana wajen duba lafiyar madatsun kansu. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988. Ta Alau ta ɓalle a Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Madatsar Chalawa, da aka kammala a 1992, tsayinta mita 42 ne, tana riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900, a ƙasanta kuma akwai garuruwa da gonaki har zuwa Haɗeja. Ƙananan madatsun Gwarzo da Kabo sun haura shekara 40. Bangon ƙasa yana tsufa daga ciki, ƙofofin ƙarfe suna tsatsa, laka tana rage wurin ruwa. Duk wannan a ɓoye yake faruwa.

Ga irin wannan aiki, kayan da suka dace da ruwa mai duhu sun riga sun samu. Na'urar auna zurfi da sauti, a ɗaure a gindin kwale-kwale, tana zana taswirar lakar da ta taru. Butum-butumi mai nitso wanda aka ɗaure da waya yana aiko da bayani ba tare da ya roƙi ruwa hanya ba, kuma in aka sa masa na'urar da ke zana hoto da sauti, yana ganin bango a inda kyamara ta makance. Haske yana da gurbinsa a tsakiyar waɗannan, amma gurbi ne na kusa. Na'urar da aka dasa a gindin bango tana iya tara bayanan wata guda, butum-butumi ya zo dab da ita, taku ɗaya ko biyu, ya kwashe su da walƙiya cikin daƙiƙoƙi ba tare da an jona waya a cikin ruwa ba. Yawancin masu bincike a yau sun karkata ga haɗa hanyoyin: sauti ya yi kira daga nesa, haske ya ɗauki kaya daga kusa.

Kafin a kai nan, akwai matakin farko, kuma shi ne mafi araha. A 1865 Angelo Secchi, malamin coci kuma masanin taurari a Rum, ya zura farin faifai a teku da igiya, ya rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. Har yau da wannan faifai ake auna hasken ruwa a duniya. Na ruwan daɗi faɗinsa santimita 20 ne, an raba shi gida huɗu, fari da baƙi. Maƙerin Getso zai yanka shi daga murfin tukunya. Malamin kimiyya a makarantar sakandare, tare da masuncin da ya san ruwan, za su iya zura shi sau ɗaya a mako, a wuri ɗaya, su rubuta kwanan wata da zurfi. Bayan shekara biyu littafin zai nuna watan da haske zai yi aiki da watan da ba zai yi ba. Zai kuma nuna wani abin da ya fi wannan muhimmanci ga manomi. Lakar da take makantar da fitila ƙasar gonakin sama ce da ruwan sama ya kwashe, kuma ita ce take cike madatsar. Faifan da yake ɓacewa da wuri a bana fiye da bara yana ba da labarin zaizayar ƙasa da saran itatuwa a bakin rafukan da ke ciyar da madatsar.

Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kan titin Gwarzo, hanyar da take miƙewa zuwa waɗannan madatsu. Ɗakunan gwaji na ƙasashen waje sukan zuba sinadarai a kwatami domin su kwaikwayi ruwa mai duhu, saboda isar da saƙon haske a cikinsa na daga cikin matsalolin da fannin bai warware ba. Ɗalibin injiniya a Kano ko Wudil ba zai yi gasar gigabit da Thuwal ba, kayan aikin ba ɗaya ba ne. Amma da ƙwayayen LED masu launi huɗu, da na'urar jin haske ta 'yan kuɗi kaɗan, da bututun roba da jarkar ruwan Guzuguzu na kowane wata, zai iya amsa tambayar da ta shafi madatsun Afirka da Asiya masu yawa: wane launi ne yake ratsa ruwan jar ƙasa, zuwa wane nisa, a wane wata. Hukumar da za ta sayi kayan duba madatsa gobe, da wannan amsa za ta tambayi ɗan kwangila irin ruwan da aka gwada na'urarsa a ciki kafin ta sa hannu a takarda.